Sunan Da Na Warware Da Hannuna

Da sunan Allah. Ni ce Dije mai surfani, ta unguwar Sa'alaba a Jidda. Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba, iyakata abin da zan yi salla da shi. Hadiza ce take rubuta mini wannan, ma'aikaciyar asibiti da ta zo aiki daga Kano take haya a samanmu. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, in kuma na yi shiru ina share ido ta jira ni. Shekara shida ke nan da rasuwar Malam, maigidana, har yau ban iya ambatonsa da busasshen ido ba.

Abin da ya tayar da maganar, jikata Amal ce ta shigo da rigar ƙwallo an buga mata sunanta a baya. Ta juya mini ita ta ce, "Sitti, minti biyar aka yi a shago. Wai da gaske kwana uku kike yi a kan suna ɗaya? Barci kike yi a tsakani?" Ƙawayenta suka kwashe da dariya. Ban ji haushi ba, wanda bai ga abu ba ai bai san shi ba. Amma ku saurara, ku da kuke ganin allura wasa ce.

Na shigo Jidda ina amarya. Aikin hajji muka zo, muka ce baɗi za mu koma, baɗin nan har yau bai zo ba. Aikin shara na fara yi a gidan wata tsohuwa a Bagdadiyya, muna ce mata Mu'allima, mai aikin gasab, wato zaren zinare. Ta ga ina tsayawa da tsintsiya ina kallon hannunta, ta ce in zauna. Shekara guda cur ban taɓa gasab ba. Aikina in ja zaren alharini a jikin kakin zuma, in zura allura, in miƙa mata. In na miƙa allura da kai a gaba sai ta buge mini yatsa da gindin almakashi.

Abin da ba ku sani ba, gasab ba ya huda ƙyalle. Kwantar da shi ake yi a bisa, sahu-sahu, a bi shi da siririn zare ana ɗaure shi ta gefe da gefe, ɗauri bayan ɗauri, kusa da kusa kamar haƙoran mataji. Kuma zare ne mai fushi. Gumi yana baƙanta shi, turaren wuta yana baƙanta shi, hannun da ya yanka albasa ba ya taɓa shi sai washegari. Ku tuna kuwa Jidda ce, inda mutum yake fitowa daga wanka ya jiƙe kafin ya ɗaura zani. Da tsumma a cinya nake aiki, duk ɗauri goma in goge hannu. Kayan aikina ba su da yawa: mansaj, katakon da ake miƙe ƙyalle a kai har ya yi ƙara kamar ganga, sai allura iri biyu, kaki, reza, ɗan hantsaki, da farin mayafin da nake rufe aikin in zan tashi.

Aikin tuta ta hannun Malam ya zo mana. Shi marubucin allon shaguna ne, hannunsa kuwa duk Bagdadiyya an san shi. Kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, yana da shagon kofuna da lambobin wasanni. A da, in an yi gasar ƙwallon kwalejoji, kwalejin da ta ci ita ake ba kofi, shi ke nan. Sai masu abin suka lura gwani yakan faɗo a ƙungiyar da aka fitar tun farko, ya tafi gida hannu wofi. Suka ce to duk shekara masu horarwa su zauna su zaɓi goma sha ɗaya daga ƙasar baki ɗaya, kowane gurbi mutum guda. Da fari takarda ake ba su. Daga baya wani babba ya ce takarda ba ta isa ba, a yi musu tuta. Nan muka shigo.

Tutar koren karan-miski ce, tsawon kamu ɗaya, da geza ta zinare. A sama hoton ƙwallo, a tsakiya sunan mai ita. A ƙarƙashin karan-miskin akwai shafi mai tauri, farin ƙyalle da Malam yake shafa wa ƙaro ya shanya. Shi yake riƙe ɗinkin. Ku riƙe wannan, don zai dawo: karan-miski yana iya ɓoye ramin allura, amma shafi mai ƙaro ba ya mantuwa.

Kwana arba'in kafin bikin ba da tutocin wakilin kwamiti yake zuwa, wani Ustaz mai baƙar jaka, da sunayen a ambulan liƙaƙƙe. Sharaɗin aikin ɗaya ne, sunayen amana ne, ko 'yan wasan ba sa sani sai an kira su a gaban jama'a. Ustaz yakan yi wa Malam wasa ya ce, "Matarka ta fi akwatin ƙarfe, ya sheikh. Tana ɗinka sirri ba ta san me ta ɗinka ba." Malam ya fere alli ya yi tsini kamar allura, ya zana sunan a kan koren, ni kuma in bi. Ba ya karanta mini, ba na tambaya. Da siffa nake gane su: mai sanduna uku, mai kwale-kwale, mai wutsiyar da ta naɗo. Ya yi zane da hantsi ya tafi shago, ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Dije, kin ƙara wa wannan baƙin ƙiba." In ce, "Kai ka rama shi." Haka muka yi shekaru, hannunsa a ƙasa, nawa a bisa.

Yanzu ga shekarar da ba na son tunawa.

Ina da aminiya a lungunmu, Yahanasu, 'yar wajen Katsina. Jirgi ɗaya ya kawo mu. In na haihu ita take dafa mini ruwa, in ta haihu ni nake dafa mata. Ɗanta Salihu a gabana aka yanke masa cibi. Ya tashi dogo, mai manyan tafuka, yana tsaron gida tun ana buga ƙwallon tsumma a bayan masallaci. Ya shiga kwaleji, ya zama mai tsaron gidansu. Ni na ɗinka masa sunansa a jikin ɗan tawul da yake ratayawa a raga, Malam ya zana, don haka siffar sunan nan na san ta kamar fuskar mai shi.

Mai tsaron gida shi ne na farko a jerin kullum. Da Malam ya buɗe ambulan na ga ya daɗe yana kallon takardar. Ya zana, ya ja baya. Ina dubawa na ce, "Malam, wannan ai tawul ɗin Salihu ne."

Ya ce, "Ban ce miki komai ba."

"Ba ka ce ba, amma na gani."

"To ki riƙe bakinki, Dije. Amana ce. Kwana arba'in ba shekara ba ne."

Ban taɓa yin suna kamar wannan ba. Na ninka gasab ɗin, na matse ɗaurin, kwana huɗu na yi maimakon uku. Ranar da na gama, Yahanasu ta shigo aron rariya. Ta zauna a bakin gado tana mita. Wai Salihu ya sake fasa gwiwa, ta gaji da wankin wando mai jini, ubansa kuma ya ce in bai bar ƙwallon nan ya nemi abin yi ba kada ya ƙara ci masa tuwo. Ta ce, "Ni kam na rasa me yake samu a cikin faɗuwa ƙasa, ƙato da shi."

Wallahi ban buɗe baki ba. Hannu na miƙa na ɗaga mayafin da ke kan mansaj. A raina wai ban karya amana ba tunda ban yi magana ba. Ita ma ba ta karatu, amma ita take wanke tawul ɗin nan. Ta duba, ta sake dubawa, rariyar ta faɗi. Na kama bakinta na ce, "Ki rufa mini asiri." Ta ce, "Har kabari." Ba ta kai ƙofar gidanta ba guɗa ta ƙwace mata.

Kafin Juma'a duk Hausawan Sa'alaba da Mahjar sun sani. Uban Salihu, mutumin da bai taɓa taka filin ƙwallo ba, ya yanka rago sadaka, ya kai sabon yadi wurin tela. Mata suna tare ni a hanya, "Khala Dije, da gaske da zinare kika rubuta shi?" Malam bai ce mini uffan ba. Shirun nan nasa ya fi mini duka ciwo.

Saura mako guda biki, da hantsi, Ustaz ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai karɓi shayi ba. Ya ce da Malam, "Na farkon nan, a cire shi."

Malam ya ce, "Ya yi laifi ne?"

"Babu laifi. Ofis ya nemi katin kowa don a rubuta takardar shaida, aka ga nasa iƙama ce, katin zaman baƙi. Lambar yabon nan ta 'yan ƙasa ce, haka dokar take tun farko. Masu zaɓen ba su sani ba, sun ɗauka ɗan ƙasa ne."

Ina bayan labule na kasa daurewa. Na ce, "Ya Ustaz, a lungun nan aka haife shi. Bai san wata ƙasa ba."

Ya ce, "Na sani, ya hajja. Ni ma na ga wasansa. Ba ni na rubuta dokar ba." Sannan ya juya wurin Malam. "Kuma an ce unguwarku har an ci rago. Wa ya fitar da maganar?"

Malam ya ce, "Ni ne. Bakina ya kuɓuce." Mutumin da ko ni bai faɗa wa ba.

Abin da ya fi ƙona rai, uban Salihu ya samu damar takardar zama ɗan ƙasa tun zamanin da abin yake da sauƙi. Wasu da suka zo tare sun karɓa. Shi ya ce me zai yi da ita, baɗi zai koma gida. Malam ma haka ya ce. Dukkansu a nan aka binne su.

Babu wani karan-miskin. Guda goma sha ɗaya ake kawowa a yanke, kowanne da hatimin kwamiti a kusurwa. Dole a warware. Ku da kuke danna waya abu ya goge, ku ji yadda ake goge suna a aikinmu. Ana kifa mansaj, a bi ɗaurin ta baya da bakin reza, ɗaya bayan ɗaya, kada a taɓa ƙyallen. Sai a juyo a ɗaga gasab ɗin da hantsaki a hankali, a tsince guntayen zaren. Wanda na matse don ƙauna shi ya fi wuyar fita. Yini guda na yi, ina kawar da fuska gefe don hawaye ma yana baƙanta gasab. Na tafasa buta na kara wurin a tururi, na goge da burushi har gashin ƙyallen ya miƙe. Gurbin ya yi laushi ba zai ɗauki wani ɗinkin ba, sai Malam ya sauko da sabon sunan ƙasa, faɗin yatsa huɗu. Ranar ce kaɗai na ga ya zana ya goge ya sake.

Yahanasu ta zo washegari. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta cire takalmi ba.

Na ce, "Shigo mana."

Ta ce, "Da kin bar ni ban sani ba, Dije. Da ba a ba shi ba ne kawai, kamar kowa. Yanzu ƙwacewa aka yi, a gaban unguwa." Ta ajiye rariyata a dokin ƙofa ta juya.

Ba ta sake taka ɗakina ba. Mukan gaisa a gidan suna da gidan rasuwa, gaisuwar da za ka yi wa baƙo. Kullum ina cewa gobe zan je in durƙusa mata, kunya tana hana ni. Ta rasu ban je ba. Salihu ya bar ƙungiya, bai ƙarasa kwalejin ba, ya kama tuƙin tankar ruwa. In mun haɗu yakan gaishe ni da ladabi, bai taɓa tayar da maganar ba.

Mun ci gaba da tuta wasu shekaru, Ustaz bai ƙwace aikin ba albarkacin Malam. Sannan aka koma lambar wuya, aikina ya zama ɗinka igiyarta kawai. Sannan aka koma wani gilashi da inji yake sassaƙawa. Yanzu Amal ta ce hotonsu ake sawa a waya. Na koma bakin mayafi da rigunan amare. Da Malam ya rasu na daina suna gaba ɗaya. An kawo mini baƙaƙen da na'ura ta buga a takarda in bi, na gwada sau ɗaya na ajiye. Duk tsayinsu ɗaya kamar sojoji, ban san inda zan sa allura ba.

Bara, wani dattijo mai furfura a gemu ya yi sallama da leda a hannu. Ɗan tsohon kafilin Malam ne ya yi masa kwatance. Ya ce sunansa Nabil, ana tara tarihin lambar tun daga farkonta za a baje a wani zaure, an ce kowa ya kawo abin da aka ba shi. Ya fito da tuta, gezar ta zube, ƙyallen bayan ya ɓalle. Kafin ya gama warware ta na gane ta.

Ya ce, "Ya khala, a hoton da aka yi mana, sunan kowa yana tsakiya, nawa kaɗai ya faɗo ƙasa. Shekaru ina mamaki. Da bayan ya ɓalle na ɗaga ta a taga." Ya ɗaga farin shafin ya nuna mini. Ramukan suna nan sahu biyu, haske yana bi ta cikinsu. "Na karanta shi. Salihu."

Na ce, "Ka san shi?"

Ya yi dariya mara daɗi. "Ni ma mai tsaron gida ne, khala. Wanda ya fi ka ai kai ka fi kowa saninsa. Da aka kira sunana ranar nan na ɗauka kuskure aka yi."

Ya ce ya roƙi masu tara tarihin su sa sunan Salihu ko a gefe, suka ce su abin da ke takarda suke bi. Ban yi musu da wannan ba, na gaji da musu da takarda. Na ce zan gyara masa tutarsa, ladana ɗaya, ya bar mini tsagin shafin nan mai ramuka. Ya ce, "Halas, naki ne tun asali."

Na yanke tsagin da reza na yi masa maho. Na aika aka sayo mini koren karan-miski kamu ɗaya, na miƙe shi a mansaj. Na daka alli ya yi laushi, na ƙulle a siririn tsumma, na ɗora tsagin a kan koren na riƙa bubbuga ƙullin a hankali, garin yana bin ramukan. Mu'allima ce ta koya mini wannan, ban taɓa zaton zan buƙace shi ba. Da na ɗaga, sai ga shi, ɗigo-ɗigo fari a kan kore. Hannun Malam. Yadda yake jan wutsiyar baƙi ya ɗan ɗaga ta a ƙarshe, yadda yake ramar da na tsakiya. Mutumin yana kabari, ga shi ya yi mini zane. Hadiza, dakata kaɗan.

To. Kwana goma sha tara na yi. Idona ya yi hazo, sai da hantsi a bakin taga nake gani, rabin aikin da yatsa na laluba. Ɗaurin bai kai na da ba, ni na sani.

Bayan la'asar na sa aka kai ni gidan Salihu a Mahjar. Ya fito da tsumman goge hannu, kansa duk furfura. "Khala Dije! Lafiya? Ai da kin aiko na zo."

Na miƙa masa. Ya buɗe, ya tsaya. Ya goge tafukan nan nasa a riga sau biyu kafin ya taɓa.

Ya ce, "Wannan hannun Malam ne."

"Nasa ne."

"Ta yaya?"

Na gaya masa. Ya zauna a kan dakali. Sannan ya ce, "Mai guɗar ba ta nan, khala."

Na ce, "Na sani, ɗana. Gafarar da ban nema a wurinta ba ita na zo nema a wurinka."

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ban ji ta ce ta yafe ba. Ba ta ƙara ambaton zancen ba har ta koma ga Allah. Amma kwanakin nan, daga ranar da kika ɗaga mayafi zuwa ranar da aka soke, ban taɓa ganin Umma haka ba. Tana wanki tana waƙa. Abuya ya zo fili ya kalle ni, sau ɗaya a rayuwarsa, ya tsaya bayan raga yana ta ya Latif, ya Latif. Da kin riƙe amanar da ban samu ko wannan ba. Ni na yafe. Nata kuma mu roƙa mata, mu roƙa miki."

Ya naɗe tutar ya shiga da ita ciki. Ban san ko ya rataye ta ba, ban tambaya ba.

An buɗe zauren, an ce. Amal ta je ta ce ta ga tutocina a cikin gilashi, babu sunana babu na Malam, kuma a waccan shekarar mutum goma sha ɗaya aka jera, babu Salihu. Tsagin shafin yana cikin akwatina tare da tabaransa. Shi kaɗai ne rubutunsa da ya rage mini, allunan shagunan duk an sauke su.

Hadiza, kawo takardar nan kusa. Nuna mini inda kika sa sunan Salihu. Wannan ne? Kai, bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Ba komai. Ɗora yatsana a kai. To, bar shi nan inda yake, kada wanda ya sake cewa a cire.